Lamba Biyun da Ba Ka Rubuta Ba

Baltasar, hasken idona, sanyin iskar tekun Valparaiso, ruwan farko bayan dogon fari, kuma babban sakaran da Allah ya haɗa ni da shi,

Yau ba kewarka ce ta sa ni rubutu ba, haushinka ne!

Shekara uku ina yawo gari-gari, ina roƙon masoya ƙagaggun labaran kimiyya su zaɓi Valparaiso ta karɓi babban taronmu. Ka tuna ranar zaɓe a Montevideo? Ina soya wa masu ƙuri'a sopaipilla, fanken garinmu, kai kana riƙe min faranti, mai yana fallatsar maka rigar 'yan sama jannatin nan taka ta kwali. Ka ce, "Leontina, ko taurari duka sun fito takara, ke ce tawa." Ni kuwa shashasha na narke!

Ban hana ka wasa ba. Duk shekara 'yan barkwanci suna tsayar da duniyar Wata takara, wai a je can a yi taro. Mai hankali yakan ba Wata lamba ɗaya ya yi dariyarsa, sannan ya rubuta biyu a gaban garin da yake so da gaske, don in an fitar da Wata ƙuri'arsa ta koma can. Shekara nawa kana zaɓen nan?

Ina tsaye a teburin ƙirga, ni ce wakiliyar garinmu. Aka fitar da Wata, aka shiga raba takardunsa. Sai ga guda: Wata, ɗaya, sauran gurabe fayau. A gefe kuma ga ɗan kumbon nan mai karkataccen hanci da kake zana min a ƙasan kowace wasiƙa. Haba Baltasar! Ka samu lokacin zana kumbo har da hayaƙinsa, amma ba ka samu na rubuta biyu ba?

Mu ɗari biyu da sha ɗaya, garin Rosario da muke takara da shi ɗari biyu da sha ɗaya. Aka cilla kwabo sama yadda dokar taro ta ce, ya faɗo wa Rosario. Na tafa musu, na sumbaci shugabarsu a kumatu.

Ka san don wa nake wannan wahala. Babana shekararsa tamanin da ɗaya. Shi ya koya min karatu da tsofaffin mujallunsa na kumbo da taurari, kuma likita ya hana shi ko shiga motar Santiago da ke nan kusa. In taron bai zo ƙofarsa ba, ba zai taɓa ganinsa ba. Har ya sa an wanke masa kwat! Da na dawo ya ce, "'Yar nan, wa ya kayar da mu?" Na ce, "Kwabo ne, Baba." Ban ambaci sunanka ba. Ka ga abin da sonka ya mayar da ni?

Baɗi zan sake tsayawa, ko da Baba sai ya kai tamanin da huɗu kafin a buɗe taron, tunda sai shekara biyu bayan zaɓe ake yinsa. Kai kuma ran Lahadi ka hawo tudunmu da ƙafarka, ka zauna gabansa, ka faɗa masa da bakinka. Kada ka zo min da fure.

Kwana tara ina ƙoƙarin tsanarka, abin ya ƙi. Abin da ya fi ƙona min rai, nawa zaɓen irin naka ne sak: sunanka a lamba ɗaya, sauran gurabe fayau. In aka fitar da kai, ƙuri'ata ba ta da inda za ta koma.

Taka, da fushinta da komai, har ranar da numfashi zai ƙare,
Leontina