Hannun Da Ban Sauke Ba

Zuwa ga Leontine, hasken idona, sanyin ƙirjina, kurciyata mai taushin murya, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar gonata!

Gaisuwa daga Leipzig zuwa can kan dutse, asibitin masu tarin fuka, inda suka ɓoye mini ke cikin dusar ƙanƙara. Yaya jiki, rabin raina? Tun da ganye ya fara zuba nake rubuto miki, ko layi ɗaya bai dawo ba. Ke kuwa yaushe kika koyi shiru?

Kin tuna ranar da muka fara gwajin konceton nan, dogon kiɗan da fiyano da taron makaɗa suke amsa wa juna, ke a kan fiyano, ni a gaban makaɗa da siririyar sandata ta ba su alama? Muka iso kadenza, wurin da masu goge da masu busa duk suke tsayawa cak, su bar mai fiyano ita kaɗai ta faɗi abin da ke ranta. Shugaban makaɗa kuwa hannunsa na sama, ba ya saukewa sai ya ji karkarwar nan ta yatsu biyu mai kama da guɗa, alamar ta gama, kowa ya shigo. Kika yi ta ja da gangan, muguwa, har kafaɗata ta sage! Da muka fita shan kofi kika ce wanda hannunsa ya kasa jira, ina zuciyarsa za ta iya? Ranar na san na kamu, kamun da ba na neman kuɓuta.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Masu zauren da muke kiɗa sun sake sa konceton a bana. Baƙon da zai kaɗa fiyanon bai iso daga Vienna ba, don haka muna gwaji da safe babu mai fiyano. Fiyanon yana gefe, a rufe, da mayafinsa. Ƙa'ida, in an zo kadenza sai a tsallake. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji ki. Ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan bango, ga rana tarwai a taga. Kadenzarki ce, wadda ba ki taɓa rubuta wa kowa ba, har da wurin nan da kike ɗan jinkirtawa kamar mai neman numfashi. Wallahi tsigar jikina ta tashi, amma daɗi ya kusa kashe ni.

Na ɗauka ni kaɗai na ji, sai na ga tsoho Wenzel mai busa ya yi alamar gicciye. Da aka tashi ya ja ni gefe, ya ce ya taɓa jin irin wannan sau ɗaya yana saurayi. "Ɗana, mai irin wannan kiɗan, sallama yake yi da duniya. In ya kai karkarwa makaɗa suka amsa masa, shi ke nan, ya tafi." Na ce masa tsufa ne da giya ke damunsa. Ya ce to, Allah ya sa.

Kowace safiya kina ƙara gaba kaɗan kafin ki ɗauke. Yau kika kai. Karkarwar ta taso siririya, tana roƙona, makaɗa duk sun zuba mini ido suna jiran alama. Ban sauke ba, Leontine! Ta yi, ta yi, har ta dushe. Hannuna na sama na sallame su. Yanzu gari ya ɗauka na zautu, masu zauren kuma sun aiko cewa in gobe ban kai konceton ƙarshe ba, in ajiye sanda.

Sanda dai su karɓa, me zan yi da ita? Tsorona ɗaya ne. Gobe ni ne a wurin, kuma ko hannun zai bushe ba zan amsa miki ba. Amma jibi wani za su kawo, shi bai san ki ba, zai sauke.

Don haka ina roƙonki, farin watana, kada ki ƙara zuwa gwajinmu. Na haƙura da jin ki, duk da shi kaɗai ya rage mini. Ki zauna a gadonki, ki sha madararki, ki yi faɗa da masu jinya, ki aiko mini ko da zagi ne da hannunki. In kuwa kin riga kin gaji, ki yafe mini, ni ba zan iya sallamarki ba.

Naki, a wannan duniyar da wadda ke bayan bango,
Severin