Ƙwayoyin Gonar Baba Suna Raye

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya noman rani a Bunkure?

Albishir nake tafe da shi. Kun tuna ƙwayoyin bakteriya masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, waɗanda na samo daga saiwar wakenku? Waɗanda nake reno duk sun mutu watan jiya, alhali da su zan kammala digirina. Ban faɗa muku ba, amma na sha kuka. Sai na ciro ragowar da na daskarar a firiza tun shekara biyu. Yau malamata ta duba su, ta ce, "Murja, suna raye!"

Sanyin Jamus da sauƙi, yatsuna ne kawai ke tsagewa.

Don Allah a ware mini fangali biyu a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Bana zan dawo mu gwada su tare.

'Yarku,
Murja