Baba Yana Son Cin Tumu A Bakin Gona, Yayana Ya Hana

Daga admin: wata ƴar'uwa ce ta turo daga Dakoro, ta roƙi a sakaya sunanta. Ku karanta har ƙarshe kafin ku ba ta amsa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, ina gaida manya da ƙanana. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau ga ni da tawa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle, kuma wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Ni malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, a nan Dakoro, ina da aure da yara. Mahaifinmu ya haura shekara tamanin, tun rasuwar mahaifiyarmu jikinsa ya fara rauni, ga ciwon suga ga tansiyon, wato hawan jini, bara kuma ɓarin jikinsa na hagu ya taɓu, ya samu sauƙi amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Mu biyu ne muka rage masa, ni da yayana mai kasuwancin hatsi tsakanin Maradi da Najeriya. Yaya shi ke ɗauke da magani da duk wata hidima, ta wannan fanni ba ni da abin cewa sai Allah ya saka masa. Ni kuma ni ce ta kusa, katanga ce kawai tsakanin gidana da na Baba, ni ke dafa masa, ni ke yi masa allurar insulin, ni ke wanke masa tufa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗin sunana, Uwata yake ce mini.

Da lokotoro, wato likita, ya ɗora shi kan rejim, ba gishiri, ba suga, hura a rage, tuwo ɗan kaɗan, sai Baba ya daina cin abinci. Ba faɗa yake yi ba, zai kai loma ɗaya ya tauna ya tauna, ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Na yi lallashi, na yi kuka a ɓoye, na canza miya iri-iri, ba abin da ya canza. Yaya da ya zo ya ga haka sai ya ce zaman kaɗaici ne ke damunsa, ya sa aka kafa masa parabol da tele a ɗaki don ya riƙa kallon wa'azi da labarai.

Wata rana na taso daga lakkwal na same shi ya jingina da bango ya ƙura wa tele ido, ashe yana latse-latse ya faɗa wata tasha ta ƴan Japan. Shirin abinci ne, wani mutum ke yawo ƙauye-ƙauye, duk inda ya je sai ya tambayi tsofaffin wurin me ƙasarsu ke bayarwa a daidai wannan lokaci na shekara, su ɗauke shi su je su samo, su dafa su ci tare. Ranar wata tsohuwa ce ta kai shi cikin dajin gora, ta tona ƙasa ta ciro tsiron gorar, nan take a wurin suka hura wuta suka dafa. Fassarar da ake rubutawa a ƙasa da Ingilishi ce, ni kuwa Faransanci na iya, sai ɗan abin da na tsinta, shi Baba ko harafi ɗaya bai karantawa, amma kamar ya fi ni ganewa. Ya ce, "Uwata, dubi mutanen nan. Ba su kai shi gida ba, a wurin suka dafa. Sun san abin da suke yi." Daga nan ya ce ko akwai tafasa a kasuwa, damina ta sauka ai. Ranar na yi masa kwaɗon tafasa, ya cinye kwano tas, rabon da in ga haka tun mahaifiyarmu na da rai.

Tun daga nan tashar ta zama abokiyar hirarsa. In suka nuna masu tsintar naman kaza cikin duwatsu, ko masu jiran wani ɗan kifi da ba ya zuwa sai sau ɗaya a shekara, ko sabuwar shinkafa da ake fara ci da biki, sai ya juyo ya fara nasa. Ya ce mu ma da haka muke, kowane wata da abin cinsa, farkon damina tafasa da gasaya da yaɗiya, tsakiyarta nono ya yi yawa har Fulani na ba da shi kyauta, ga lalo ga rama, kaka ta zo da gurji da ɗanyen wake da fara, sanyi ya kawo magarya, bazara aduwa, in abin ya yi tsanani a jiƙa dilo, ƴaƴan anzan nan masu ɗaci. Ya ce yanzu kuwa shinkafa da taliyar maka da dunƙulen magi tun daga farkon shekara har ƙarshenta, bakin mutum bai san wane wata ake ciki ba. A cikin irin hirar nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba game da shi. Ƙauyensu na can gaba da Ɗan Gulbi. Ya ce lokacin da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu shi saurayi ne, labarin ya iso musu cikin damina suna gona, ba wanda ya ajiye hauya, sai da kaka ta yi, hatsi ya yi kyau, sannan suka yi tasu murnar. Samari suka tara kara a bakin gonar mahaifinsa, suka karyo kawunan zango, wato tsohon irin hatsin nan mai dogon kai, yana ɗanye da ruwansa, suka gasa tumu suna murzawa a tafin hannu suna hurawa suna ci har yamma. Bai daɗe ba ya shigo gari ya zama karen mota, daga baya direba, kuma lokacin kaka shi ne lokacin da mota ba ta hutawa, ya yi ta jigilar hatsin mutane zuwa Maradi, bai sake yin kaka ɗaya a ƙauyensu ba.

Da farko murna nake yi, don ya fara cikowa, lokotoro ma ya ce ganyen nan sun karɓe shi, sugan ya daidaita. Amma jama'a, aikin a kaina ya ƙare. Duk hutun lakkwal ɗin nan ban huta ba. Yau gasaya, gobe yaɗiya, jibi ya ce cuku yake so amma na nonon damina, ba busasshen bara ba. In ban samu a kasuwa ba sai in bi matan ƙauye masu shigowa da safe ina roƙonsu su tsinko mini. In na kawo kuma sai an yi gyara, wannan ganyen ya tsufa, wancan ya kwana. Gidana ya koma cin ɗumame, maigidana mutum ne mai haƙuri amma ya fara cewa shi da yara sun zama baƙi a wurina, kuma gaskiyarsa ce.

Ban da shirin abincin, akwai wani wasan kwaikwayo da tashar ke nunawa kashi-kashi, na wani tsoho masunci da ƴaƴansa suka ɗauko shi suka ajiye a bene cikin birni, ana ba shi abinci a ɗan faranti ana auna masa komai, shi kuma kullum yana roƙon a kai shi kogin garinsu kafin lokacin kifin ya wuce. Baba ba ya yarda a yi masa magana in ana wannan wasan. Ranar da na ga yana share ido da hannun riga na san akwai abin da ke tafe. Ba a yi sati ba ya ce mini, "Uwata, hatsi ya fitar da kai. Ki kai ni gida in ci tumu."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, na sa aka karyo mini kawunan hatsi daga wata gona kusa da gari, na gasa a kurfoti na kai masa. Ya murza ya kai baki, ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka, amma ba shi ba ne, wannan sabon iri ne, kuma ya sha iska kafin ya ga wuta. Ƙanwarsa, Gwaggonmu, tana can ƙauyen, har yau ƴaƴanta na shuka zangon a gonar kakanmu. Can yake so, a bakin gonar.

Na je wurin lokotoro. Bai ce a'a kai tsaye ba, ya ce tumu kaɗan ba zai kashe shi ba, hanyar ce abin tsoro. Bayan an bar babbar hanya rairayi ne da kwazazzabai, ƙarshenta ma sai a amalanke, ƙauyen ba kuran, wato wutar lantarki, insulin kuma na son sanyi, ko da yake ya ce ana iya dabarar sanyaya shi da tulu na ɗan lokaci. In jikinsa ya rikice a can, gidan likita na da nisa. Ya ce mu ƴaƴansa mu za mu yanke.

Da na kira Yaya na faɗa masa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ni na ɗaure wa abin gindi, na bar tsoho yana kallon mutanen da ke cin ɗanyen kifi har sun cusa masa tunanin da ba nasa ba, ya ce shi wa'azi ya kafa wa parabol ba girki ba. Na ce masa girkin nan ne ya dawo da Baba cin abinci bayan duk mun kasa, ya ce cin abinci daban, ɗaukar mara lafiya a jefa cikin daji daban. Muka yi ta yi har na faɗi maganar da ba ta dace ba, na ce shi magani yake aikowa, ni ke ganin hawayen. Sai ya ce in na kai Baba wani abu ya faru, a wuyana yake har gaban Allah. Kada ku ga laifinsa da yawa. Mahaifiyarmu a wannan hanyar ta rasu, ta je gaisuwar mutuwa ciwo ya kama ta, aka ɗoro ta a amalanke, Yaya ne ya tare su da mota a inda rairayi ya ƙare, ya same ta ta riga ta cika. Tun daga ranar bai sake taka ƙauyen ba.

Bayan kwana kaɗan ya turo mai gyara, aka juya kwanon parabol aka goge tashar. An ce wa Baba iska ce ta lalata. Bai yi musu ba. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni ko na san yadda aka ƙare da tsohon nan, ko ƴaƴansa sun kai shi kogin, na ce ban sani ba. Daga nan bai sake neman gasaya ko cuku ko wani abu ba. Duk abin da na kai masa zai ɗan taɓa ya ce na gode, kamar baƙon da ba ya son ya takura wa masu gida. Ramar ta fara dawowa. Da a ce faɗa yake yi mini da ya fi mini sauƙi.

Akwai kuma abin da ban gaya wa Yaya ba. Ranar da Baba ya sake maganar tafiyar, na ce to mu je da safe mu dawo da yamma, sai ya ce, "Ke ki dawo, kina da lakkwal da miji. Ni in na je me zan dawo yi?" Ya ce ɗakin mahaifinsa na nan, Gwaggo za ta kula da shi, ita da kanta da sanda take tafiya. To ga inda na fi rikicewa, kuma don wannan ne na ce a ɓoye sunana. Da ya faɗi haka, kafin tsoro ya zo mini, wani sanyi na fara ji a raina, na ji kamar za a sauke mini kaya. Yanzu in na ce ina son kai shi, ban san ko don shi nake so ba ko don in samu in yi barci in dafa wa yarana abinci mai zafi. In kuma na ce ba zan kai shi ba, ban san ko lafiyarsa nake karewa ba ko tsoron bakin Yaya da na dangi nake ji.

Maigidana ya ce zai iya aro mota mai shiga rairayi, amma ba zai shiga tsakanina da yayana ba, sai na kawo masa magana ɗaya. Shekaranjiya Gwaggo ta aiko da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa, ta ce hatsi ya cika ido, ta hana a taɓa gefe ɗaya na gonar saboda yayanta, amma in aka daɗe zai bushe, sai dai a yi girbi. Ga buɗe lakkwal ya matso, in na koma aji ba ni da damar zuwa ko'ina.

Don Allah masu tsofaffi a gida, da ma'aikatan lafiya, da malamai da ke cikin wannan gida, ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. In kai shi ba da yardar Yaya ba, in ɗauki abin da zai biyo baya? In na kai shi ya ce ba zai dawo ba, ina da ikon ɗaukar ubana in sa a mota da ƙarfi? Ko in bar shi nan kusa da firigo da likita, yana raye yana ce mini na gode? Akwai wanda ya san yadda zan yi wa Yaya magana ya saurare ni, ba tare da na tono masa ciwon rasuwar mahaifiyarmu ba? Baba bai san Gwaggo ta aiko ba tukuna, saƙon yana bakina. Gobe da safe zan kai masa kunu, ku gaya mini in faɗa masa ko in yi shiru.