Gurbin Taɓarya ta Biyu

Zuwa ga Yaya Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya kafaɗar Inna, ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, sai kewar gida.

Kin ce har yau ba ki gane aikin da ya riƙe ni a Faransa ba. Hannun ƙarfe muke ƙerawa, wanda zai yi aiki kan teburi ɗaya da mutum, ya miƙa, mutum ya karɓa. To namu ɗan banza ne. Ko ya yi gaggawa ya firgita ma'aikaci, ko ya sandare kamar jaki a bakin gulbi. Jiya ina kallonsa lugude ya faɗo mini a rai: ni da Inna turmi ɗaya, taɓaryarta na tashi tawa na sauka, ba mu taɓa karo ba. Don Allah in kin je gida Tibiri ki ɗauko mini sautin Inna tana lugude da wata, in koya masa.

Sun ba ni sabuwar kontira, wato takardar aiki, ta dogon zama. Ban sa hannu ba, ban kuma ƙi ba. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Marwa

Zuwa ga Yaya Barira,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan hatsi ya yi kai.

Saƙo ya iso, har na fara yi miki tsiya a raina: na ce lugude, kin aiko mini taɓarya ɗaya. Sai na ga bayaninki, wai tun tafiyata Inna ba ta yarda kowa ya sa mata hannu a turmi.

Haka nan na saurara. Tsakanin bugu da bugu akwai shiru mai tsawo. Abokin aikina ya ce tsufa ne. Amma mai gajiya ba ya riƙe ma'auni, ita kuwa shirun nata bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na shiga buga teburi a cikinsa, ya dace cif. Yaya, gurbina ne take bari. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Hannun ya koya. Yanzu yana shiga daidai inda aka bar masa, ma'aikata sun saki jiki da shi, kowa sai yabo. Ni kuwa kishi ya kama ni, ƙarfe ya shige wurina.

Na mayar musu da kontira ba sa hannu. Ki faɗa wa Inna hannuwana sun yi laushi, ta tanadi dariyarta. Ki kuma duba bayan rumbu ko taɓaryata na nan. In gara ta ci, a sassaƙa wata kafin kaka.

Taki har kullum,
Marwa