Ƙarya Uku Game da Elburg

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yidana, ƙanen maƙwabciyata da ke aiki a Holan, ya zo hutu. Ya iske ni a bakin famfo ina jiran ruwan da bai zo ba, ya rusuna ya miƙo mini ambulan. "Hajiya, daga Safiatu." Na ce ban san mai wannan suna ba. Ya ɗora ta a kan murfin bokiti ya yi tafiyarsa.

Shekara huɗu ban yi wa 'yata magana ba. Na dawo Tamale daga Elburg ta Holan jinyar mahaifiyata, Safiatu ta ce za ta biyo ni da zarar ta gama jarrabawa. Ta gama. Tsohuwa ta rasu, ba ta zo ba. Da na tambaye ta sai ta ce, "Mma, Elburg ce garina." To. Ta zauna a garinta.

Talata, 7 ga Mayu

Na buɗe. Don in san abin da zan ƙona ne kawai.

Shafi huɗu, da hannu, da Hausa. Wai ta samu aikin zagayawa da baƙi a cikin tsohon gari, kuma ranar Asabar 18 ga wata da ƙarfe sha ɗaya za ta yi zagayenta na farko, manya suna biye suna saurare. Wannan ne abin da za ta faɗa, ta juyo mini shi. A ƙasa ta rubuta: "Ki duba mini. In ban ji ki ba har ranar, ba zan ƙara damunki ba."

Barazana take yi mini. Ni.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na karanta a ɗakin malamai. Innalillahi. Wace jaka ce ta koyar da yarinyar nan tarihi?

Wai Elburg zagayayyen gari ne kamar faifai. Elburg! Garin da ambaliya ta addabi na farkonsa, aka ja da baya aka sake gina shi tsakanin 1392 da 1396, kusurwa huɗu cif, tituna a miƙe kamar layin littafin lissafi. Mutanen da suka shekara ɗari shida a kabari sun fi masu yanka filaye a unguwar Choggu sanin igiyar awo.

Wai kuma cocin yana tsakiyar gari. A kusurwa yake, ya manne da ganuwa, hasumiyarsa a gundule tun da tsawa ta cinye kanta.

Na uku ne ya sa na buga tebur. Wai teku da kansa ya janye ya bar garin. Wa ya gaya mata teku yana janyewa don raɗin kansa? Rufe shi aka yi da madatsa a 1932, ruwan gishiri ya koma na daɗi, kifin da suka sani ya ƙare. Bayan shekara ashirin da biyar aka tsotse ruwan da ke gaban garin aka yi gonaki. Masunta suka wayi gari da tashar jirgi da jirage da taru, babu teku.

Mavis, malamar Turanci, ta ɗago kai daga kwanon waakye, shinkafa da waken nan nata. "Madam Mashu, wa ya taɓa ka kuma?" Na ce babu. Ta leƙo ta ga rubutun. "Ei, yarinyanka ne ya rubuto! Ka amsa shi mana." Shekara goma sha biyu a Tamale, har yau kowa namiji ne a bakinta. Na ce ta ci abincinta.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ba zan gyara ba. Ta je ta kunyata a gaban manyan garinta.

Lahadi, 12 ga Mayu

An yi ruwa da hantsi, na farko mai ƙarfi. Na fitar da duk abin da zai iya riƙe ruwa, na zauna a baranda, sai ga ni a can ba tare da na nema ba.

Shekara goma sha shida muka yi a Elburg. Mijina Awal, Allah ya ji ƙansa, yana masana'antar katako a bayan gari, ni ina goge bene a gidan tarihi, tsohon gidan mata masu ibada. Ni da na koyar da tarihi kafin in bar Ghana. Na ce tunda tsumma aka ba ni, zan karanta duk abin da na goge. Na karanta kuwa, allo bayan allo, da ƙamus a aljihun riga. Wata rana wani mai zagayawa da baƙi, dattijo mai gemu, ya faɗi shekarar da ba ita ba, na gyara masa daga durƙushe. Fuskarsa ta yi ja kamar tumatirin Navrongo. Washegari ya kawo mini littafi. Yana nan a akwati har yanzu.

Abin da na fi tunawa ba manyan abubuwa ba ne. Ƙoramar da ta ratsa gari tsakanin bishiyoyi. Ƙananan gidajen da aka jingina da tsohuwar ganuwa, waɗanda Awal ke cewa sai mutum ya fito waje kafin ya yi miƙa. Daɓen ƙofar gidaje na tsakuwa fara da baƙa, an jera ta tauraro-tauraro. Dogon filin da ake tufka igiya. Da Ƙofar Kifi, in ka ratsa ta ƙanshin banda ya buge ka, ga jiragen katako a jere, kowanne da EB, alamar garin, a jikinsa, suna jiran masu yawon buɗe ido tunda kifi ya daina jiransu.

A nan muke tsayawa ranar Lahadi, Safiatu a tsakiya, hannu ɗaya nawa ɗaya na ubanta.

Ni na koya mata son garin. Wannan ne ba na iya yafewa, kuma ban san wa zan yafe wa ba.

Talata, 14 ga Mayu

'Yan aji uku sun sha faɗa yau ba da laifinsu ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Mavis ta sa ni a gaba sai na karanta mata. Na karanta, ina nuna mata ɓarnar. Ta ce, "Sauran fa? Akwai kuskure?" Na duba. Shekarar da aka huda Ƙofar Kifi, daidai. Cinikinsu da garuruwan Jamus, daidai. Sunayen tituna, daidai. Ƙofofin ganuwa huɗu, daidai. Har abin da ni ban sani ba ta sa.

Mavis ta ce, "To mutum ya san ƙanana duka, ya manta manya uku? Chale, ni dai Turanci na karanta, amma wannan lissafi bai hau ba."

Na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zan koma gida, muna daidai shataletale sai abin ya faɗo mini. Har na ce "kai!" da ƙarfi, direba ya taka birki.

Wasanmu ne. Safiatu tana 'yar shekara shida, in muna zagaya ganuwa sai in murtuke fuska in ce, "Ka ga, Awal, garin nan zagayayye ne kamar faifai." Ta buga ƙafa: "Ƙarya ne, Mma!" In ce, "Ga coci can a tsakiya." "Ƙarya ne, Mma! A kusurwa!" In mun kai bakin ruwa in ce teku ne ya gaji da su ya tafi. Nan ne take ihu har agwagi su watse. Uku ne, kullum ukun nan, a jere haka. Har faifan ba ta canja ba.

Tarko ta ɗana mini, 'yar banza. Ta san zan iya shekara huɗu ban gaishe ta ba, amma ba zan iya kwana goma da kuskure a jakata ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Tunda na gane tarko ne, ai shi ke nan, ba zan faɗa ba.

Na fito da littafin dattijon. A shafi na arba'in akwai busasshen ganye, ban tuna wa ya sa ba. Kabarin Awal ma yana can Elburg. Yidana ya ce duk Juma'a Safiatu takan je ta share. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Bayan la'asar na ɗauki jan biro. Aikin malanta ne, ko takardar wa aka ajiye mini haka zan yi. Na gyara ukun. Na gyara "teku ta" da "kofa ya", don Hausarta ta fara kama da ta Mavis. Na ƙara mata cewa in ta kai baƙi Ƙofar Kifi ta yi shiru ta bar su su shaƙi bandar tukuna, kada ta cika su da shekaru. Na ɗauki hoton shafi huɗun na tura ta lambar da ke bayan ambulan. Ban sa sallama ba, ban sa suna ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Ƙarfe sha ɗayansu tara ce a nan. Ban kalli agogo ba. Na yi wanki, na share tsakar gida sau biyu.

A gyaran jiya, wurin madatsa, na rubuta 1933. Hannu ne ya kuskure. Shekara nawa ina koyar da tarihi ban taɓa ɓata shekara ba, amma ai mutum yana tsufa.

Wajen azahar waya ta yi ƙara. Saƙon murya, daƙiƙa biyar. Ana jin iska, da ƙararrawar coci daga nesa. Muryar ta yi kauri, ta koma irin ta tsohuwata.

"Ƙarya ne, Mma. Da biyu ne."

Sau ɗaya na saurara. Wataƙila sau shida.

Dole in amsa, ba don komai ba, ai ba a barin ɗalibi da gaskiya ba a ce masa ya yi daidai ba. Ina tunanin in ce mata ƙofofin ganuwar bakwai ne.