Ƙwallaye Goma na Malam Usur

Litinin, 5 ga Mayu

Yau an tashe ni daga kujerata. Na rubuta ne don kada wata rana zuciya ta yi sanyi in ce ba haka aka yi ba.

Da hantsi malamin wasanni na makarantar bayan tasha ya faɗo shago da buhu a kafaɗa. Malam Usur muke ce masa, don ko gaisuwar mara lafiya zai je, usur na rataye a wuyansa. Babu sallama. Ya zazzage ƙwallaye shida a tsakar shago, duk a fashe, a gaban mutanen wani kulob da suka zo duba samfuri. Ya tambayi wa ke rufe ƙwallo a nan. Yaya, da shagon ke hannunsa yanzu, ya nuna ni da haɓa. Malamin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Shi ya sa. Wannan ai sai ɗinkin matashin kai."

Shekara goma sha tara ina rufi a shagon Baba. Haɗa yankunan fata talatin da biyu ta baibai, wannan kowa zai iya in ya zauna. Amma in an juyo ƙwallo an saka robar ciki, bakin nan na ƙarshe da ake ɗinkewa ta waje, ido ba ya ganin inda allura ke bi, shi ne rufi. Tun da idon Baba ya tafi ni kaɗai ke yin sa.

Na ɗauki ɗaya na duba. Zarena na nan daram, ƙulli bai motsa ba. Fatar ce ta yage a gefen ɗinki. Iska aka ɗura musu fiye da kima, kuma zan iya rantsuwa wurin mai facin taya ya kai su saboda ƙyuyar famfon hannu. Na buɗe baki, Yaya ya ce, "Auta, ya isa." Ya yi ta ba shi haƙuri har bakin ƙofa.

Kafin la'asar ya ba Dogo kujerar bakin taga. Dogo, ƙanin matarsa, wanda duka-duka shekararsa biyu da fara riƙe allura. Ni an mai da ni baya, kusa da sito, wurin ƙwallayen atisaye da faci. Wai in huta.

Talata, 6 ga Mayu

Ban gaida Yaya ba. Bai ma lura ba, wannan ya fi ƙona min rai.

Juma'a, 9 ga Mayu

Baya babu haske, sai warin gam. Na yi facin ƙwallo tara na wata firamare. Daga inda nake ina hango ƙeyar Dogo. Ya ƙara wa kujerar tsumma wai ta yi masa tauri. Shekara goma sha tara ba ta yi min tauri ba.

Baban yara ya ce tun Litinin nake yanka albasa kamar ita ce ta yi min laifi. Ya ce in dai an kai ga duka, in faɗa masa da wuri ya nemi wurin ɓuya. Na yi dariya ba don na so ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na kai wa Baba ɗaya daga cikin fasassun. Yana zaune a barandarsa, rediyo a cinya. Ya bi yagewar da babban yatsa sau ɗaya ya ce iska ce ta kashe shi, ba zare ba. Na ce to ya faɗa wa ɗansa mana. Ya ce ya riga ya miƙa shago, kuma shago mai ubangida biyu ba ya ƙarko. In yi haƙuri, aiki zai yi magana.

Haƙuri. Kowa ya rasa abin da zai ba ka sai ya ba ka haƙuri.

A hanya na yi ta tsara abin da zan yi wa Malam Usur. In je makarantar in tsaya gaban shugabarsu da ƙwallon. In tare shi wurin mai facin. Duk ba su ishe ni ba. A gaban mutane ya yi min, a gaban mutane nake so.

Laraba, 14 ga Mayu

Abin nema ya samu.

Malam Usur ya dawo, shi da bakinsa. Makarantarsu ce za ta karɓi wasan ƙarshe na gasar makarantu ranar Asabar ta sama. Yana son ƙwallon gasa guda goma, fari da shuɗi, da tambarin makaranta, da sunan shagonmu a ƙasa kamar kullum. Sharaɗinsa ɗaya, kada hannuna ya taɓa su. Da ƙarfi ya faɗa don in ji. Na ji, Malam.

Litinin, 19 ga Mayu

An gama buga tambari, an haɗa yankuna, yau Dogo ya fara rufi. Na wuce ta bayansa kamar zan ɗauko zare, na tsaya.

Ba ya tura robar. Kafin ka soka allura a bakin ƙarshe sai ka zura yatsa ka danne robar ciki ta yi nesa da ɗinki, in ba haka ba tsinin allura na gogar ta. Ba ta fashewa nan take. Ɗan ƙarce ne kawai, ko huji da ido ba ya gani. Za ka hura ƙwallo ya yi tauri ka ji daɗi. Sai an fara narka masa ƙafa zai soma saki. Shi Dogo riƙe fatar yake da hannu biyu yana soke-soke, har da ɗan fito.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Anti, haka ne ko? Duba min."

Na duba. Na ce, "Ai kai ne gwani yanzu."

Ya yi murmushi, ya ɗauka yabo ne. Na ɗauko zarena na koma baya. Ban sa masa hannu a aiki ba, ban kwance ƙulli ba, ban yi komai ba. An ce kada hannuna ya taɓa, bai taɓa ba. Rama cuta ga macuci ibada.

Alhamis, 22 ga Mayu

Saura abu ɗaya da zai iya ɓata min shiri. Dokar Baba ce, duk ƙwallon gasa sai ya kwana da iska a kan kanta, a dawo washegari a matsa, wanda ya yi laushi a ware. Ko rabin goman nan ba za su tsallake ba.

Amma Dogo na da nawa, zuwa yau bakwai kawai ya rufe. Gobe da yamma za a kai. Na ji Yaya na cewa babu lokacin kwanan iska, a sace musu iska a ɗaure a buhu. Na sunkuyar da kai kan facina don kada a ga fuskata.

Juma'a, 23 ga Mayu

Sun tafi. Yaya ya haɗa musu da ƙwallayen atisaye biyu kyauta, don ɗumama jiki. Nawa ne, bai ma duba ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na je. Na sa mayafina mai kyau na zauna a layi na uku, inda zan ga komai.

Fili ya cika. An kafa rumfa, ga shugabar makaranta, ga baƙi, ga masu horarwa na kulob-kulob da na sani, wasunsu shekara da shekaru suna saye a wurinmu. Malam Usur cikin sabbin kayan wasanni yana kai-komo. Ya jera ƙwallayen goma a kan tebur kamar shi ya haife su. Wannan karon da famfon hannu ya hura, na gan shi. Ashe ya san abin da ya yi wancan karon.

Na farko ya yi minti goma sha biyu. Ɗan baya ya buga, maimakon ya tashi sai ya yi wani lugub ya gangara. Alƙalin wasa ya matsa da hannu, ya girgiza kai, aka jefo na biyu. Na biyu bai kai haka ba. A na huɗu 'yan kallo suka fara ƙirgawa da baki ɗaya. A na shida wani ya ɗaga murya daga baya ya ce a kawo gwangwani a ƙarasa da shi. Malam Usur ya durƙusa gefen fili yana ta famfo, gumi har ya jiƙa masa baya, usur na lilo yana bugun haɓarsa. Shugabar makaranta ta aika aka kira shi. Ban ji me ta ce ba, na dai ga ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

Daga ƙarshe alƙali ya ce a kawo duk abin da ke riƙe iska. Aka ɗauko na atisaye. Da shi aka buga zagaye na biyu gaba ɗaya, har da bugun fenariti, ko gezau bai yi ba.

Ba zan yi wa takarda ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Da zan fita na bi ta kusa da shi na ce, "Sannu da aiki, Malam. Ya ka ga matashin kan?" Ya kau da kai.

A bakin ƙofa wasu samari na riƙe da ɗaya daga cikin lalatattun, suna karanta sunan da ke ƙasan tambari suna dariya. Sunan Baba ne. Na wuce da sauri.

Litinin, 26 ga Mayu

Makarantar ta dawo da ƙwallayen, ta ce ba ta ƙara aiki da mu. Kulob biyu sun bugo waya sun janye odarsu. Yaya ya farke ƙwallo uku, ya ɗaga robar a haske, ya ga hujin allura jere. Ya yi wa Dogo ta-tas a gaban kowa, ya ce ƙarshen mako ya tattara kayansa. Sau ɗaya Dogo ya juyo ya dube ni, ya mai da kai.

Sannan Yaya ya zo har baya da kansa. Ya ce, "Auta, na yi kuskure. Koma kujerarki." Na sa ya maimaita, wai ban ji ba.

Na koma. Na cire tsumman na jefar. Haske na nan yadda na bar shi. Aiki ne babu, ƙwallo biyu kawai na rufe yini guda.

Talata, 27 ga Mayu

Na ba Baban yara labarin duka, har da maganar da muka yi da Dogo, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo." Na ce wa ya tambaye shi. Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Alhamis, 29 ga Mayu

Baba ya aiko a kira ni.

Rediyon a kashe. Wani tsohon mai horarwa, abokinsa, ya zo ya ba shi labari tiryan-tiryan, har da abin da ake kiran shagon yanzu a gari, wai shagon minti goma. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi nisan da ke tsakanin sito da taga. Na ce taku takwas. Ya ce haka yake tunawa.

Ya ce, "Auta, lokacin da yake rufin nan, kin gani?"

Na ce ban gani ba, Baba, ina baya, baya babu haske.

Ya laluba ya gyara hularsa. Sannan ya ce, "To. Ashe makafi biyu gare mu a gidan nan." Ya kunna rediyonsa.

Na zauna kusan rabin awa. Bai ƙara ce min komai ba, ko da na yi masa sallama.

Juma'a, 30 ga Mayu

Malam Usur ya cancanci abin da ya same shi. Yaya ma. Wannan ban janye ba, kuma ba zan janye ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Dogo ya zo da safe ya tattara alluransa a leda. Ya tsaya a gefena ya ce ya gode da zama, in yafe masa in ya taɓa ɓata min. Wai ni ce zan yafe masa. Bai ambaci ranar nan ba, ko kusa.

Sauran ƙwallayen bakwai na nan a buhu, ana bukatar a farke su a sake roba, kuma ni kaɗai ba zan gama da wuri ba. Dalilin ke nan. Na ce ya ajiye ledar ya jawo benci. Yaya ya leƙo zai yi magana, na ce masa, "Yaya, ya isa." Ya koma.

Na nuna wa Dogo yadda ake zura yatsa. Nasa manya ne, ba sa shiga bakin sosai tukuna, sai na sa nawa na danne robar, na ce ya soka. Ya ce yana tsoron ya soke ni. Na ce ya soka, haka aka koya min. Sau uku allura ta same ni kafin hannunsa ya gane hanya, har jini ya ɓata farin yanki ɗaya. Ya yi ta ba ni haƙuri.

Da muka rufe na farko ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallon ɗinkin. Ya ce a hankali, "Ashe abin da sauƙi, in an faɗa wa mutum."

Na ce masa, "Na gani ranar nan, Dogo."

Ya ce, "Na sani, Anti." Ya miƙo min na biyu.