Kwamfuta Ta Manta Sunan Garke

Bolsward, Litinin

Ɗana Sjoerd,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya tarin nan naka? Mu lafiya lau, sai dai babanka ya yi mana aika-aika.

Kwamfutar kicin ta nemi a sabunta tsarinta, shi kuwa ya danna mata. Tun daga nan in na rubuta "garke", sunan da ka sa wa ƙaramar na'urar da ke rumfar shanu, sai ta ce ba ta san shi ba. Na'urar tana nan da ranta, fitilarta na ƙyaftawa.

Ka san a cikinta likita yake rubuta shanun da ya yi wa allura. Jan ƙyallen da muke ɗaura musu a ƙafa kuma laka ta cinye. Babanka ya rantse biyu ne, ya ware madararsu. "Ni da shanuna sai akwati ya gaya mini?" in ji shi. Ni dai zuciyata na ce mini uku ne. Motar madara za ta zo Alhamis, in suka sami magani a tankinmu mun shiga uku. Likitan ya tafi hutu. Ka amsa da wuri.

Mahaifiyarka,
Wietske

Bolsward, Laraba

Ɗana Sjoerd,

Ina fata kana lafiya. Saƙonka ya iso, na bi shi layi-layi da tabarau a hanci.

Gaskiyarka ne, sabuntawar ta goge fayil ɗin sunaye. Na samo lambar na'urar a akwatin intanet, na rubuta ta a cikin fayil ɗin, na bar fili, na rubuta "garke", na ajiye. Sau biyu ta ƙi, ashe waƙafi na sa a wurin ɗigo. A na uku ta buɗe.

Uku ne. Babanka ya manta da Aukje, saniyar nan mai farin goshi, kuma madararta ta kwana huɗu tana shiga tanki.

Na so in yi masa gori, wallahi na kasa. Ya karanta sunan sau biyu, ya sa takalmin roba ya fita. Shi da kansa ya buɗe bakin tankin, ya tsaya a kai har ya tsiyaye tas. Tun yana ɗan shekara sha huɗu yake tatsa, bai taɓa zubar da madara ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

In ka kira Lahadi, kada ka ɗaga masa maganar. Ka tambaye shi labarin sabon maraƙinmu kawai.

Ka gaida abokiyarka Femke. Ka ci abinci.

Mahaifiyarka,
Wietske